Baƙon da Ya Ƙi Sauka daga Dutse

Na kwana biyu a Marakish kafin mu saba da juna, ni da garin. Daga wurin aikina a Kazaure aka turo ni kwas a kan noman rani, in ga yadda mutanen Maroko ke tattalin ruwa har su fitar da kayan lambu a inda mu za mu ce fako ne. Karatun bai ba ni wahala ba. Burodi ne ya ba ni wahala. Safe burodi, rana burodi, dare burodi, har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka. Ga sanyi mai shiga ƙashi, ga matsalar harshe. Larabcin da na kwaso a Islamiyya in na yi shi a kasuwa sai a tsaya ana kallona ana murmushi, wai ina magana kamar mai huɗuba. Masu tasi kuwa sun sha ni na ɗan lokaci. Da sun ga hula da baƙar fata sai a zagaya gari da ni kafin a sauke ni inda ƙafa ma za ta kai ni. Daga baya na gane hanyoyi, su ma suka gane ni. Ni ɗan Roni ne, kuma a gidanmu ni ake turawa in ana son a je a faɗa wa mutum gaskiya.

Ba zan ce ban ga alheri ba. Tsohon da ke gadin gidan da nake haya, duk Juma'a sai ya hawo min da kwanon wani abincinsu mai kama da burabusko, ya ajiye a bakin ƙofa ya tafi, ba ya ma jiran godiya. Amma kewar gida ba a magance ta da kwano ɗaya. Na gaji da bene da hayaniya, ina son in ga akuya, in ji warin hayaƙin itace. Shi ya sa da na ga wani allo a ƙofar wani ofis, an rubuta cewa ana kai baƙi wani ƙauye can kan dutse, a ci abinci a gidan mutanen ƙauyen, a dawo da yamma, ban yi shawara da kowa ba na shiga. Mutumin da ke kan tebur ya ce min mota za ta kai mu har ƙofar gida. Na ce masa ko ba ta kai ba babu damuwa, mu mutanen Roni ba a ba mu labarin dutse.

Ranar Asabar da sassafe na fito cikin shaddata mai ruwan toka, da hula, da takalmi sau-ciki sabo. A wurinmu ba a shiga garin mutane da kayan shan iska. Da na isa inda ƙaramar bas ɗin take, na tarar da abokan tafiyata kowa da gajeren wando da takalmin sojoji. Akwai wata dattijuwa Baturiyar Ingila mai suna Magaret, riƙe da sanduna biyu. Akwai wani saurayi da kyamara mai dogon hanci rataye a wuya, da matarsa da ba ta sauke waya daga fuskarta. Sai wasu mutum biyu da ban riƙe komai nasu ba. Jagoranmu sunansa Lahsan, siriri, kusan sa'ana, sanye da jar riga mai tambarin kamfanin. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Si Harun, ɗaurin aure za mu?" Haka suke kiran Haruna, kuma da Turanci muke magana, ana ɗan yayyafa Larabci.

"Garin mutane za mu, ko ba haka ba?"

Ya yi dariya, ya dafa ƙirji. Ya ce to na girmama shi, domin ƙauyen da za mu garinsu ne, kuma a gidan mahaifiyarsa za mu ci abincin rana. Nan take jininmu ya haɗu. Ya ba ni kujerar gaba kusa da shi.

Zangon farko ba a faɗa mana zancensa ba. Bas ta tsaya a wani shago a bakin hanya, inda aka zaunar da mata a ƙofa suna niƙa wasu 'ya'yan itace suna matse mai, don baƙi su gani su ɗauki hoto, sannan a kora su ciki su saya. Ni da na tashi ina ganin ana matsar man gyaɗa a tsakar gidanmu, ban ga abin kallo ba. Na bar su suna shinshina kwalabe na fito shan iska. A bayan bas na tarar da Lahsan da waya a kunne. Ina isowa na ji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," sai ya sulale ya tsuguna, ya jingina da taya. Wannan ba ya bukatar tafinta. Na tsuguna kusa da shi har ya sauke wayar.

"Wa ya rasu?"

"Babana."

Ya ce tun shigowar sanyi tsohon yake fama da ƙirji, amma jiya ma sun yi magana. Na riƙe hannunsa na yi masa ta'aziyya, na ce ya tashi ya sanar da mutanen nan, direba ya juya da su, shi ya nemi hanyar gida. Ya girgiza kai, ya kira maigidansa, mai kamfanin. Ban ji yarensu ba, amma na ji muryar da ke fitowa daga wayar, kuma ba muryar mai ta'aziyya ba ce. Da ya kashe ya yi min bayani. Maigidan ya ce lokacin baƙi ne, ba shi da wani jagoran da zai turo, kuma mutanen da suka fito shaƙatawa ba a haɗa su da gawa. Ya kai su, ya ciyar da su, ya sauko da su, gobe ya koma gida ya yi makokinsa.

"Gobe?" na ce. "Ku kuna kwana da gawa ne?"

"Ba ma kwana. Sun ce za su jira ni zuwa la'asar. Kafin la'asar kuma dole mu kama hanyar saukowa."

'Yan'uwansa maza biyu duk suna nesa, ɗaya ma yana Faransa, babu mai isowa yau. Shi kaɗai ne ɗan da ƙafarsa za ta taka garin a ranar, kuma zai juya ya bar uban a kwance kafin a kai shi. In ya tsaya, aikin ya tafi, kuma da aikin yake riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa mata da 'ya'yansa. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Don Allah, Si Harun, ka riƙe bakinka. In suka sani, tafiyar ta lalace, su je su rubuta a intanet, ni ne a ciki."

Ban yi masa alkawari ba. Ya share fuska da gefen jar rigar, ya miƙe, ya zagaya gaban bas yana tafa hannu yana kiran mutane da fara'a, har yana tsokanar Magaret ko ta sayo masa tsaraba. Na tsaya ina kallonsa.

Daga nan hanya ta fara hawa, tana lanƙwasa hagu da dama, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen wanda ban yarda na leƙa sau biyu ba. Can sama farar dusar ƙanƙara ce kwance a kan kololuwa. Lahsan ya juya baya yana ba su labarin kowane kwari da kowane kogi, yana saka barkwanci inda ya saba sakawa, suna dariya.

Zango na biyu shi ne inda kwalta ta ƙare, turbar ƙasa ma ta ƙare. Direba ya kashe mota ya ce a sauka. Na duba ban ga gida ba balle ƙofarsa. Lahsan ya nuna wani wuri can sama, inda na hango wasu 'yan ɗigo-ɗigo manne da jikin dutse, ya ce ga garin can. Na tuna mutumin kan tebur, na ajiye masa tasa a raina.

A nan bakina ya ja min. Duwatsunmu na Roni da nake taƙama da su, in aka kawo su nan murhu za a yi da su. Ba mu yi nisa ba numfashina ya fara fita da ƙyar, iskar ba ta cika ƙirji. Sau-ciki ya fara cin dunduniyata, shadda tana kama ƙaya. Matar mai kyamara ta wuce ni. Mai kyamara ya wuce ni. Direba, da ya biyo mu don shi ma a can yake cin abinci, ya wuce ni da taba a baki. Har Magaret, wadda a haife ta haife ni, ta zo ta wuce, sannan ta tsaya ta miƙo min sanda ɗaya. Na karɓa, don girman kai ba ya hawa da mutum. A gefen turbar gonaki ne hawa-hawa, kowace ba ta fi tabarma uku ba, an shuka sha'ir, ruwa yana bin wata siririyar magudana daga wannan ya faɗa wancan. Da wata rana ce da na tsaya na yi tambaya har sun gaji da ni, don abin da ya kawo ni ƙasar ke nan. Ranar dai idona yana kan jar rigar da ke gabanmu.

Garin gidajen dutse ne da laka, rufin wani shi ne tsakar gidan wani. Lahsan bai shiga da mu ciki ba. A gidan farko na bakin gari ya tsaya, ya ce mahaifiyarsa ba ta jin daɗi, maƙwabta ne za su karɓe mu. Aka hau da mu kan rufi inda aka shimfiɗa dardumai. Ya kawo shayi mai na'a-na'a, ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa yadda baƙi ke so, suka tafa masa. Sai ya ce yana zuwa. Ya ɗan jima, ya dawo idanu jawur, gemu a jiƙe. Ya je ya ga uban ke nan, ya dawo ya ci gaba da raba burodi.

Daga saman gari ana jin karatu, a ƙarƙashinsa kuma kukan mata ƙasa-ƙasa. Wasu dattawa suka bi ta ƙasan rufin da muke, ɗauke da diga da shebur. Mai kyamara ya miƙe yana tambaya ko biki ake yi.

"Addu'a ce," in ji Lahsan.

Ai kuwa sai mai kyamara ya ce madalla, da an gama cin abinci a kai shi ya ɗauka. Matarsa kuma ta kunna kiɗa a waya, ta tafi bakin rufin, duwatsu a bayanta, ta fara juyi tana ɗaukar kanta. Ba laifinsu ba ne, ba su sani ba. Amma ni na sani.

A garinmu ba a ɓoye mutuwa. Ana rasuwa ake aikawa lungu-lungu. Mai shago ya ja ƙofa, mai rediyo ya kashe, wanda ke wucewa a babur, ko bai san mamacin ba, ya sauka ya bi sahu. Tun da nake ban taɓa zama inda ake kiɗa ana cin nama, gawa na kwance bayan katanga, ɗan mamacin yana zuba wa mutane shayi ba. Na ajiye burodin, na miƙe, na gyara hula.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Baiwar Allah, kashe kiɗan nan. Karatun da kuke ji ba biki ba ne. Mahaifin Lahsan ne ya rasu yau da safe, muna hanya. Yana kwance a gidan can na sama, kuma an hana ɗansa tsayawa ya binne shi saboda mu."

Kiɗan ya mutu. Lahsan ya ajiye butar a hankali, ya dube ni, ya ce da Larabci yadda ni kaɗai zan ji, "Ka kashe ni."

Ban gama jin nauyin maganar ba sai ga Magaret, hawaye a fuska, ta riga ta ciro waya ta kira ofishin kamfanin. Da kyakkyawar niyya ta yi. Na ji tana cewa abin kunya ne, a saki yaron nan ya je wurin iyalinsa, ita ba za ta ci abinci a haka ba. Tana kashewa wayar Lahsan ta yi ƙara. Ya koma gefe ya saurara, yana cewa to, to. Ya dawo inda nake.

"Ya ce tunda na tona, in sauko da ku yanzu-yanzu, abincin ma a bar shi. In kuma na tsaya, in ba direba rigar."

Mai kyamara ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma gaskiya gara a sauka, su ma suna da inda za su da yamma. Sauran suka fara tattara jakunkuna. Wato ɗan lokacin da Lahsan yake da shi ma, na sake leƙa uban ya yi masa sallama, bakina ya cinye shi. Raina ya ɓaci, da kaina da maigidan duka. Amma ni in na ɓata abu ba na tsayawa ina kallonsa. Ni ma ɗa ne da ke nesa da gida, kuma na san abin da nake tsoro duk lokacin da waya ta yi ƙara da lambar Najeriya. Na jawo Lahsan gefe, direba yana kusa yana jinmu.

"In baƙo ya ƙi sauka fa, yaya kuke yi?"

"Ba wanda ke ƙin sauka."

"Na ce in ya ƙi."

"Ba a barin baƙo a kan dutse shi kaɗai. In wani abu ya same shi, hukuma rufe kamfanin za ta yi."

"To wa ke tsayawa da shi?"

Direba ya jefar da guntun tabarsa ya take, ya ce, "Ni dai mota nake ja. Hanyar sauka kuma na san ta kamar gidanmu."

Na koma kan darduma, na cire sau-ciki na ajiye gefe, na tanƙwashe ƙafa. Na ce wa Lahsan ya kira min maigidan nasa.

Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba. Na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗa masa sunana, na ce ni ne baƙon da ya sanar da rasuwar, ba jagoransa ba, wanda ma roƙona ya yi in yi shiru. Na ce akwai jana'izar Musulmi a garin nan, ni kuma Musulmi ne, ba zan sauka ba sai an rufe shi. Ya fara da lallashi, yana kirana ɗan'uwa. Na ce ɗan'uwa ba ya sa a ce wa baƙo mota har ƙofar gida alhali ya san akwai hawan da zai kusa fitar da ran mutum. Ya koma barazana, ya ce bas za ta tafi ta bar ni. Na ce ta tafi lafiya, amma in jagoransa ya bi ta ya bar ni a nan, ni da ban san hanya ba ban san yare ba, to duk inda ake rubuta labarin kamfani zan rubuta, in kuma je ofishin 'yan sanda da ƙafata in ba da labari. Ya ɗaga murya. Wannan kuwa filina ne. Na ɗaga tawa har dattijon gidan da aka sauke mu ya leƙo. Da Turanci ya ƙare min na ƙarasa masa da Hausa, kuma na tabbata ya fahimta.

Ya ce in ba Lahsan wayar. Na ga Lahsan yana saurare, yana kallon ƙasa. Da ya kashe ya ce, "Ya ce direba ya sauka da sauran. Ni in zauna da mahaukacin nan, in kawo shi gobe da ransa." Bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, sai kuka ya ƙwace masa, na farko a gaban mutane. Na riƙe shi har ya lafa. Magaret ta zo ta kama hannunsa ta daɗe ba ta saki ba. Mai kyamara ya rufe hancin kyamararsa, ya cire hular kansa, ya yi gaisuwa irin tasu. Suka bi direba suka gangara.

Muka hau cikin gari. A ƙofar gidan Lahsan ya tuɓe jar rigar ya rataye a ƙusa, wani ya miƙo masa jallabiya. Maza suna zaune a jikin bango, kusan duk tsofaffi, don samarin garin sun tafi birane neman abinci. Aka kawo min ruwan alwala mai sanyin da ya sa haƙorana suka haɗu. Ba wanda ya tambayi ko ni wane ne. Lahsan ya faɗi wata kalma ɗaya ko biyu, suka gyaɗa kai, aka matsa min wuri. Da aka tayar da sallar la'asar na ga dattawan sun saki hannuwa a gefe, yadda tsofaffinmu ke yi a Roni, sai na ji kamar a masallacin unguwarmu nake. Aka fito da makara, liman ya yi masa salla a ɗan filin gaban masallaci.

Maƙabartar tana sama da gari, turbar kuma ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu a jere. Masu ƙarfin ɗauka ba su da yawa. Lahsan ya kama gaba. Wani tsoho da ya kama baya ya yi 'yan taku kaɗan na ga nauyin ya fi ƙarfinsa, sai na matsa na sa kafaɗa, ya zame ya bar min ba tare da ya waiwayo ba. A hawa, nauyi a kan na baya yake sauka. Dunduniyata ta riga ta fashe, ina jin danshi a cikin takalmin, numfashi yana yanke min, gefen shadda ya kama wani dutse ya yage. Ana ta la'ilaha illallahu, murya ɗaya, ni ma ina yi da abin da ya rage min na iska. An karɓe ni, na huta, na sake karɓa. Ko kusa ban ji zan faɗi ba, ni da ɗazu tsohuwa ta ba ni sanda.

Kabarin siriri ne, an sare shi a tsakanin duwatsu. Lahsan ya tuɓe takalmi ya shiga. Muka miƙa masa uban, shi da wani dattijo suka karɓa, ya kwantar da shi a gefen dama, ya gyara masa fuska zuwa alƙibla da hannunsa. Ya ɗan jima a sunkuye kafin ya ɗago. Inda mu muke jera itace, su faffaɗan duwatsu suke jerawa, su toshe da laka, sannan a tura ƙasa. Da aka gama aka zauna aka ɗauko Yasin baki ɗaya, sai na ji irin karatun makarantar allonmu ne, ja ɗaya, tsayawa ɗaya. Na shiga ciki ba tare da na yi niyya ba. Tsohon da ke gefena ya juyo ya dube ni, ya matso har kafaɗarmu ta haɗu, muka ci gaba. A nan ni ma hawaye suka zubo min, kuma ban ɓoye ba.

Da aka shafa, Lahsan ya tsaya a bakin maƙabarta mutane suna wucewa suna ba shi hannu. Na koma gefe, sai liman ya kamo hannun rigata ya tsayar da ni kusa da shi, inda 'yan'uwansa za su tsaya da suna nan. Dattawan suka riƙa gaishe shi, su gaishe ni. Na karɓi gaisuwar mutumin da ban taɓa gani da rai ba, ina amsawa da amin.

A garin na kwana. Da safe mahaifiyarsa ta aiko min da ruwan ɗumi da gishiri in jiƙa ƙafa, da wasu silifas na roba da suka fi sau-cikina hankali. Muka gangara ni da Lahsan, muka samu motar kasuwa a ƙasa, a bayanta muka zauna tare da buhuna da tumaki biyu har Marakish. A ofis maigidan ya fito da kansa ya ga mahaukacin. Gajere ne, ya fi ƙanƙanta a kan muryarsa. Ya ce kada in ƙara taka ƙofarsa. Na ce ko ya roƙe ni. Akwai baƙi zaune suna jiran a rubuta su, suna kallonmu, sai ya sassauta, ya ce wa Lahsan ya koma ya gama zaman makoki, ya dawo aiki cikin mako, amma kada ya sake ɗauko masa ɗan Najeriya. A waje Lahsan ya rungume ni, ya sumbaci hulata yadda suke yi wa manya, ya juya da sauri don ya samu motar komawa.

Da yamma na kira gida. Mahaifina yana Roni, ya tsufa, ido ya yi rauni, ƙanena ne ke riƙe masa waya. Na gaishe shi, ya tambayi sanyi, ya tambayi karatu. Na kwashe labarin duka na ba shi, har da faɗan da na yi a waya, ina jiran ya yi dariya ko ya ce bakina ba zai bar ni ba, yadda ya saba. Bai yi ko ɗaya ba.

"Ya samu jama'a?"

"Daidai gwargwado, Baba. Ƙaramin gari ne, amma kowa ya fito."

"Ɗan nasa fa?"

"Shi ya shiga kabarin, Baba. Da hannunsa ya kwantar da shi."

Ina jin kukan awakinmu a bayansa, da wani yana sallama a zaure.

"To madalla. Allah ya jiƙansa," in ji shi. "Kai kuma, Haruna, saura yaushe ka dawo?"